Mamaci Ya Tafi da Mabuɗi: Shiga Kwamfuta ta Ƙofar Mutum Ɗaya

(Laccar da wani ɗalibin sashen ilmin kwamfuta ya gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai na ranar Asabar.)



Sa'ad da aka umarce ni in yi magana a wannan taro a kan wani abu daga cikin karatunmu, na daɗe ina juya al'amarin a zuci. Shekarata 3 kacal a wannan fanni, ga shi kuwa a layin gaba ina hangen waɗanda suke duba mini takardun jarrabawa. Don haka na ga ya fi mini sauƙi in kawo muku abin da na gani da idona, na kuma taɓa da hannuna, a garinmu Kafin Dafga cikin ƙasar Karaye, da damunar 2024. Inda na yi tuntuɓe, malamai sa gyara.

A wajenmu akwai wata 'yar ƙungiyar manoma, mutum 60 da 'yan kai. Sukan haɗa hannu su karɓo taki a sari, a raba wa kowa gwargwadon gonarsa, in kaka ta yi a biya. Kawuna ne ma'ajinsu. Magatakardansu kuwa wani saurayi ne mai himma, wanda ya yi karatu a birni ya komo gida. Shi ya matsa har aka sayo wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a Kano, ya kwashe lissafin da ke cikin littafi ya zuba mata. Da cututtukan nan masu bin filashi suka dame shi, sai ya share Windows ya ɗora Ubuntu, wanda yake reshe ne na Linux. Ya sa kalmar sirri, bai gaya wa kowa ba. Ba kuwa don ƙeta ba; babu dai wanda ya taɓa tambayarsa ne, shi ma bai kawo wa ransa kome ba. Ana tsakiyar noman farko ya kwanta ciwo, kwana 4 Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya rufa wa iyalinsa asiri.

Bayan an share makoki aka waiwayi lissafi. Littafin takarda an yi shekara 2 ba a ɗiga masa tawada ba. Taki yana hannun mutane, wasu sun biya rabi, wasu sun ce sun gama biya, dillalin da ya ba da kayan kuwa yana ta aike ba dare ba rana. Kun dai san zaman ƙauye. Ba wanda ya fito fili ya ce ma'aji ya ci kuɗi, amma in kawuna ya iso majalisa sai hira ta mutu. An zauna an gwada sunan mahaifiyar mamacin, da sunan 'yarsa, da lambar wayarsa, da sunan ƙungiyar ƙwallon da yake so, duka a banza. Kada ku yi musu dariya, gama dabarar tasu tana da asali. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson sun buga wani nazari a Amurka, inda suka tara kalmomin sirri 3,289, suka tarar kashi 86 cikin 100 ko dai gajeru ne ƙwarai, ko kuwa kalmomin ƙamus ne da sunaye da makamantansu, waɗanda inji zai cinka ba da wata wahala ba. Marigayin namu dai ya fi waɗancan taka-tsantsan.

Ranar da na iso gida hutu, ko jaka ban ajiye ba Kawu ya aiko. Na tarar da shi a zaure, kwamfutar tana gabansa bisa buzu, an naɗe ta cikin ɗankwali. Ya ce, "Ɗana, an ce abin nan kake karantawa. To, mutuncina yana cikin akwatin nan. In kana iya fito da shi, fito da shi. In kuwa sai an kai Kano, faɗa mini in sayar da akuya." Na ce, "Kawu, a bar akuya tukuna. Amma ba zan taɓa ta ba sai a gaban shugaba da mutum biyu daga cikin masu bashin." Ya dube ni, ya yi shiru, sa'an nan ya ce to.

Kafin in faɗi yadda aka buɗe ta, dole in ɗan zaga da ku cikin gidan, domin wanda bai san fasalin gida ba ba zai gane inda ƙofa take ba. Tsarin da ake kira Unix an fara gina shi a 1969 a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka, a hannun Ken Thompson ɗin nan da abokinsa Dennis Ritchie. Linux kuwa wani ɗalibi ne kamarmu, Linus Torvalds, ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki, ya fara shi a 1991 bisa fasalin Unix. Ubuntu ya fito a 2004. Wayar Android da ke aljihun yawancinku ma a kan ƙwayar Linux take tafiya. Duk 'yan gida ɗaya ne.

A zamanin da aka gina Unix, kwamfuta ba abin da mutum ɗaya zai mallaka ba ce. Inji guda ne, mutane da yawa suna tarayya a kansa lokaci ɗaya. Saboda haka aka ba kowa suna da lamba da ɗakinsa, aka sa doka cewa wane ba ya leƙa ɗakin wane. Amma aka keɓe suna ɗaya mai lamba 0, wanda dokar ba ta hawa kansa. Sunansa root, watau saiwa da Turanci. Yana karanta kowane fayil, yana goge kowanne, yana canza wa kowa kalmar sirri ba tare da ya san tsohuwar ba. Ni a cikin wannan magana Maigida zan riƙa ce masa. Samarin da ke kai wayoyinsu kasuwar Farm Centre a yi musu rutin, wannan kujera ta Maigida ce suke nema a kan wayar tasu.

To, in ka danna maɓallin kunnawa, ba gaba ɗaya injin yake farkawa ba. Abubuwa ne ke tashi bi da bi, kowane yana ta da na bayansa, kamar yadda ake tashi a babban gida da asuba. Da fari wani ɗan shiri ne da ke manne a jikin injin tun daga masana'anta, BIOS, ko UEFI a sababbin injuna. Shi zai duba kayan ciki, ya nemo faifan ajiya, ya miƙa ragama ga wani shiri mai suna GRUB. Aikin GRUB ɗaya ne: ya ɗauko ƙwayar tsarin daga faifai ya ɗora ta, ya haɗa ta da 'yar gajeruwar wasiƙa mai faɗa mata yadda za ta tashi. Ƙwaya kuwa in ta zauna daram sai ta ta da shiri na farko, mai lamba 1, wanda aka saba kira init, a yawancin Linux na yanzu kuma systemd ne ke riƙe da wannan matsayi. Shi ke kiran sauran ma'aikata, mai kula da intanet, mai kula da sauti, mai zana hotuna a fuskar injin. Can daga ƙarshe sai a kira mai gadi, watau shirin nan da ke tambayar suna da kalmar sirri.

Ina roƙonku ku riƙe wannan, domin a nan maganar duka take: mai gadi shi ne na ƙarshen zuwa aiki. Duk wanda ya sami damar sa hannu a 'yar wasiƙar nan da GRUB ke miƙa wa ƙwaya, yana iya cewa a tsaya kafin a kira mai gadi. Sai injin ya tashi rabi, babu intanet, babu sauran masu amfani, babu hotuna, daga baƙin allo sai wanda ke zaune gabansa, a bisa kujerar Maigida. Wannan shi ake kira yanayin mutum ɗaya.

Wani zai ce wannan ai sakaci ne na maginan. Ko kusa. Da gangan suka bar ƙofar. A ce wuta ta ɗauke ana cikin rubutu a faifai, lissafin ɗakunan ajiya ya rikice, injin ya ƙi tashi. Ko a ce fayil ɗin da mai gadi ke duba sunaye a ciki shi kansa ya lalace. Yaya za a shiga a gyara? Magini ba ya yaɓen ɗaki da mutane a kwance ciki. Sai kowa ya fita, a bar shi shi kaɗai da laka. Shirin duba faifai, fsck, haka yake so, ya yi aikinsa ba mai rubutu a gefe.

Me ya sa kuwa ba su tsayar da wani mai gadin a wannan ƙofa ba? Domin a wancan zamani injin ya kai girman kabad, yana cikin ɗaki mai ƙwado, mabuɗin yana wuyan ma'aikaci ɗaya ko biyu. Sauran jama'a daga nesa suke magana da shi ta waya. Wanda duk ya iya tsayawa gaban injin kansa, an riga an tantance shi tun daga bakin ƙofa. Sunan garinmu ma yana tuna mini da wannan. Kafi shingen itatuwa ne da kakanninmu kan kafa su kewaye gari saboda mahara. In ka wuce kafi ka shigo, ba a sake tare ka a ƙofar kowane gida a ce ka faɗi sunanka, an ɗauka kai na ciki ne. Har yau a tsarin FreeBSD, ɗaya daga cikin jikokin Unix, akwai fayil mai suna /etc/ttys, inda aka rubuta kalmar secure, watau amintacce, a gaban allon injin. Muddin tana nan, za ka shiga yanayin mutum ɗaya ba tambaya. Sai ka mai da ita insecure, watau marar aminci, kāna ya fara neman kalmar sirrin Maigida. Ɗalibai da yawa kan ɗauka an rubuta abin a juye ne. Alhali kuwa ba injin ake siffantawa ba, ɗakin da yake ciki ake nufi. Abin da ya faru daga baya shi ne injin ya ƙanƙance har ya shiga jakar hannu, ɗaki mai ƙwado ya ɓace, ƙofar kuwa tana nan inda aka bar ta.

Washegari da hantsi muka zauna a zauren shugaba, mu 5. Na kunna, na danne maɓallin Shift har jerin GRUB ya bayyana. A sababbin injuna Esc ake dannawa. Na zaɓi layin tashin gyara, wani jeri ya fito, na sauka kan layin da aka rubuta root, na danna Enter. Sai ga baƙin allo da alamar # tana jirana. Wannan alama ita ce rawanin Maigida. Talakan gida alamar $ yake gani. Abin bai kai minti 2 ba. Dalilin da ya sa ba a tambaye ni kome ba shi ne, Ubuntu tun daga farko yakan bar sunan Maigida a rufe ba kalmar sirri, mai injin ya riƙa aron ikonsa da umarnin sudo in bukata ta taso. Tun da ba a sa kalmar ba, babu abin tambaya.

A wannan mataki faifan yana halin karatu kawai, ba ya karɓar rubutu, na kuwa bar shi haka da gangan. Na sa sabon filashi na kwafe fayilolin lissafi, na sake sa wani na kwafe, na miƙa ɗaya ga shugaba, ɗaya ga wakilin masu bashi. Sai bayan nan na rubuta mount -o remount,rw / domin faifan ya karɓi rubutu, na bi shi da passwd tare da sunan marigayi. Shugaba ya faɗi sabuwar kalma, na rubuta sau 2, muka sake kunnawa. Lissafi ya fito cif, har zuwa kwana 6 kafin rasuwarsa, buhu buhu, suna suna. Ko kwabo bai maƙale a wajen Kawu ba. Ban ga ya ce kome ba, sai dai ya cire hula ya share goshi ya mayar.

Wani dattijo daga cikin shaidun ya ce, "To, yaro, mece ce kalmar da marigayi ya sa, da ta wahalshe mu haka?" Na ce, "Baba, ni ma ban sani ba, injin ma bai sani ba." Ya zaci wasa nake. Gaskiyar ita ce Unix ba ya ajiye kalmar kanta. Yakan haɗa ta da wasu haruffa na ka-cici-ka-cici, waɗanda masu fannin ke kira gishiri, ya niƙa su da lissafi, ya ajiye garin a fayil ɗin /etc/shadow. In ka zo shiga, sai ya niƙa abin da ka rubuta ya gwada da garin da ke ajiye. Gero yana zama gari, amma ba a taɓa mai da gari gero ba. Maigida yana da ikon zubar da tsohon gari ya zuba sabo, abin da na yi ke nan. Sanin tsohuwar kalmar kuwa sai dai a yi ta cinke. Cinken ma yana ci in an daɗe. A 2019 wani ya ɗauko wani tsohon fayil na wajen 1980, ya sa inji mai ƙarfi ya yi kwanaki yana gwaji har ya fito da kalmar Ken Thompson kansa, p/q2-q4!, wadda wani motsi ne a wasan darar Turawa. Abu ɗaya dai ya gagare mu: kalmomin da marigayi ya adana na wasiƙunsa na intanet suna cikin wata 'yar jaka da aka ɗaure da tsohuwar kalmar, sabuwar ba ta kwance ta. Na ji daɗin haka, domin ba abin da aka kira ni in gani ba ne.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ga abin kawo muku ba. Daren nan bayan lisha ina kwance a soro, sai wani yayana na dangi ya yi sallama. Lissafi ya nuna ana binsa buhu 6, shi kuwa dā ya ce 2 ne. Ya zauna, ya yi ta yabon karatuna, can ya ce, "Ƙanena, ai na ga abin ba wuya. Kwamfutar nan a shagon mai cajin waya take kwana ran Laraba. In na karɓo maka ita na sa'a ɗaya, 6 ɗin nan ba za ta koma 2 ba?" Na ce, "Yaya, za ta koma. Amma akwai filashi 2 a hannun mutum 2, ka kuwa san su." Ya yi tsaki, ya ce ashe boko ma munafunci ne, ya fita. Ba na zarginsa da yawa. Takin ya yi tsada, 'ya'yansa 7. Amma na kwana ban runtsa ba, gama maganarsa gaskiya ce. Shekara 2 cur kwamfutar nan tana kwana a shago cikin wayoyin jama'a, marigayi yana barci da daɗi don ya sa kalmar sirri. Duk yaron da ya san abin da na sani yana iya zama Maigida, ya canza lamba, ya gyara kwanan watan fayil, ya share littafin da injin ke rubuta shige da fice, ba tare da ya taɓa kalmar sirrin ba ma. Gobe marigayi ya shiga da kalmarsa lafiya lau, bai san an yi baƙo ba.

A nan ne dalilin sharaɗin da na kafa wa Kawu ya fito. Hannun da ya buɗe don gyara da wanda ya buɗe don sata, maɓallai iri ɗaya suke dannawa, injin ba ya rarrabe su. Izni da shaidu ne kaɗai suka raba ni da abin da Yaya ya so in zama. Ku kuma sani dokar laifuffukan kwamfuta ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga mai canza bayanan da ke cikin inji ba da izni ba. Ɗan'uwa ɗalibi, in an kawo maka kwamfuta an ce mai ita ya manta kalma, tambayi rasit kafin ka tambayi ladan aiki.

To, ba a iya rufe ƙofar ne? Ana iyawa, amma ku biyo ni ku ga iyakar kowane ƙwado. In ka sa wa Maigida kalmar sirri, wani ɗan shiri mai suna sulogin zai tare ƙofar gyara ya nema. Haka Debian da Red Hat suke yi in an sa ta. Sai mai wayo ya koma kan wasiƙar GRUB, ya danna e, ya ƙara init=/bin/bash a ƙarshen layi. Ma'anarsa, kada ƙwaya ta ta da shiri na farko ma sam, ta ba shi fagen umarni kai tsaye. Sulogin bai ma farka ba balle ya yi tambaya. To, sai ka sa wa GRUB kansa kalmar sirri, madalla. Ko da yake shi ma an taɓa kama shi yana gyangyaɗi: a watan Disamba 2015 wasu masu bincike 2 a wata jami'a ta birnin Valencia a Sifen sun nuna cewa danna maɓallin gogewa sau 28 a wurin rubuta suna yana tsallake shi, aka yi maza aka toshe. Amma ko ba wannan, mutum yana iya zuwa da nasa Linux ɗin a filashi ya ta da injin daga can, ya buɗe faifanka kamar yadda ake buɗe adakar wani. Sai ka sa wa BIOS kalma ka hana tashi daga filashi. Shi kuma sai ya ɗauko sukudireba, ya zare faifan, ya jona shi a wani inji. Kowane ƙwado daga cikin waɗannan yana da amfani, domin yana ƙara wa ɓarawo lokaci, yawancin ɓarayi kuwa masu gaggawa ne. Amma ba ko ɗaya da zai tsaya wa wanda ya sami injin a hannunsa dare guda.

Abu ɗaya ne ya saɓa, shi ne a mai da abin da ke cikin faifan duka zaurance, irin na lissafi, wanda ba ya warwaruwa sai da mabuɗinsa. A Linux ana yin haka da tsarin LUKS, Ubuntu ma yakan tambaye ka tun wajen ɗora shi ko kana so. In an yi haka, aka kuma zaɓi doguwar kalma, aka kashe injin ɗungum, to, ko an shiga ta ƙofar mutum ɗaya, ko an zare faifai, tarkace kawai za a gani. Amma ku dubi inda wannan ya kai mu. Da marigayi ya amsa wannan tambaya da i, da yau ba ni da labarin ba ku sai na baƙin ciki. Da ni, da malamaina da ke zaune nan, da masu gyara na Kano duka, ba mai iya fito da lissafin nan. Da Kawu ya sayar da akuyarsa a banza, ya kuma shiga kabari da zargi. Raunin da ya hana ni barci shi ne dai ya wanke shi.

Yayyenmu ma'aikata, wannan ɓangare naku ne, mu ma gobe muna nan tafe. A watan Yuli 2008 a birnin San Francisco na Amurka, wani ma'aikaci mai suna Terry Childs, wanda shi kaɗai ya san kalmomin sirrin babbar hanyar sadarwar hukumar birnin, ya ƙi miƙa su ga shugabanninsa, wai ba su cancanta ba. Aka kama shi, aka yi kwanaki hukuma ba ta da iko da kayanta, sai da magajin garin, Gavin Newsom, ya je gidan yari da ƙafarsa kāna ya ba shi. A 2010 aka yanke masa ɗaurin shekara 4. Ana ta zaginsa, ni kuwa a ganina in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wace irin hukuma ce za ta bar mabuɗin gari duka a kan mutum ɗaya, ba ta farga ba sai ran da aka ɓata? A ofisoshinmu in an yi wa mutum canjin wurin aiki, yakan rubuta takardar miƙa aiki, ya lissafa kujeru da fanka da mabuɗin kabad. Ku duba ku gani, sau nawa ake rubuta kalmar sirrin kwamfuta a ciki? Ɗan bautar ƙasa zai zo ya shirya injin, wata 12 ya yi sallama, ya tafi da ita a ka.

Da 'yan ƙungiya suka nemi shawarata ko a mai da faifan zaurance, na ce a'a, na san kuma wasu a nan ba za su yarda da ni ba. Hujjata ita ce bashin taki ba asiri ba ne, a bainar jama'a ake karanta shi. Abin tsoro a wajensu shi ne a canza lissafi ko ya salwanta, zaurance kuwa yana ƙara haɗarin salwanta a wurin da mutum ɗaya ne ya iya injin. Da asibiti ne mai riƙe da sirrin marasa lafiya, ko ofishin jarrabawa, ko na albashi, da ban yi jinkirin cewa a yi ba, tun ba ma da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su ba. Amma ko a can sai an rubuta mabuɗin an ba wasu ajiya.

Abin da suka tsayar shi ne, kowane ƙarshen wata sabon magatakarda zai buga lissafi a takarda, a karanta a taro, shugaba da ma'aji da mutum ɗaya daga cikin jama'a su sa hannu. Na sa wa Maigida kalma, na sa wa GRUB, na hana tashi daga filashi. Aka rubuta kalmomin a takarda 2, aka liƙe kowace a ambulan aka sa hannu a bakin liƙin, ɗaya wajen shugaba, ɗaya wajen wani dattijo da ba ya cikin ƙungiyar, ba a buɗewa sai mutum 3 sun hallara. Batun kwana a shagon caji ne ya ƙi ƙarewa. Na ce a sayi ɗan faifan sola a riƙa caji a gidan shugaba, aka ce to, amma har na baro gida ana gardamar ko daga asusu za a cire kuɗin ko karo-karo za a yi. Yayana kuwa ya biya buhu 4 da kaka, saura 2, har yanzu in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa.

Malam Shugaba, na zo da tawa kwamfutar, na kuma sa mata kalmar da ban gaya wa kowa ba. In an ba da izni, ina so ɗaya daga cikin 'yan shekarar farko ya fito ya zauna gabanta, in riƙa faɗa masa abin da zai danna, wani kuma ya riƙe mana agogo.